Tambaya da Amsa: Bashin Sayen Gida a Amurka, Wa Gwamnati Take Tsaya Wa?

Wasiƙun da suka taru a kan teburinmu a wannan wata sun karkata ne ga magana ɗaya, wato bashin sayen gida a Amurka da hannun da gwamnati take da shi a ciki. Mun zaɓi shida daga cikinsu, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba yi a duk tambayar da ta shafi aljihu.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni direban tasi ne a birnin New York, shekarata goma sha ɗaya ina biyan haya a unguwar Bronx, kuma ina da takardar zama ta dindindin. Abokan aikina suna ce mini gwamnatin Amurka tana ba talaka kuɗin sayen gida muddin ya kawo kashi uku da rabi na farashin. Shin gaskiya ne, kuma ta ina ake farawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokan aikinka sun faɗa maka rabin magana ne, rabin da suka bari kuwa shi ya fi nauyi. Gwamnati ba za ta ba ka ko sisi ba. Banki ko kamfanin ba da rance shi ne zai ba ka kuɗin, kai kuma ka jinginar masa da gidan, sannan wata hukumar tarayya da ake kira FHA, wadda take ƙarƙashin ma'aikatar gidaje, ta tsaya maka. Ma'anar tsayawar ita ce ta yi wa bankin alkawari cewa idan ka kasa biya, aka ƙwace gidan aka sayar, kuɗin kuma bai rufe bashin ba, ita za ta cike masa giɓin. Wannan alkawari ne yake sa banki ya yarda ya karɓi kafin alƙalami na kashi 3.5 cikin 100 daga mutumin da a da ba zai ko saurare shi ba. Sai dai ka riƙe wannan da kyau: bankin aka yi wa inshora, kai kuma kai ne mai biyan kuɗin inshorar, kuma ranar da biya ya gagara, kai ne za ka kwashe kayanka.

Bari mu ɗauki alƙalami. A ce gidan dala 250,000 ne. Na san a Bronx wannan kuɗi ba zai sayi gida mai zaman kansa ba, shi ya sa 'yan'uwa da yawa suke ƙaura zuwa garuruwa irin su Columbus a jihar Ohio, amma mu yi misali da shi don lissafi ya zo da sauƙi. Kafin alƙalaminka dala 8,750 ne, bashin da ya rage kuma dala 241,250. Tun ranar farko FHA za ta ɗora kuɗin inshora na kashi 1.75 na bashin, wato kimanin dala 4,222, wanda galibi ake cusa shi cikin bashin, ya koma kimanin dala 245,470. Idan kuɗin ruwa kashi 6.5 ne, wa'adin kuma shekara 30, za ka riƙa biyan kimanin dala 1,550 duk wata. A watan farko, kusan dala 1,330 daga cikin wannan kuɗi ruwa ne tsagwaronsa, abin da zai rage uwar bashin bai wuce dala 220 da 'yan kai ba. Idan ka cika shekara talatin ɗin ba fashi, abin da ka zuba ya haura dala 550,000 a kan gidan dala 250,000. Ban da wannan akwai inshorar FHA ta shekara-shekara, wadda tun watan Maris na 2023 ta sauko zuwa kashi 0.55 ga mafi yawan masu karɓa, wato kimanin dala 110 a wata a misalinmu. Wanda ya ba da kafin alƙalami ƙasa da kashi 10 zai yi ta biyan wannan inshora har bashin ya ƙare, sai fa idan ya sake ƙulla bashin da wani tsari na daban. Sannan ga harajin gida, ga inshorar gobara da sauran bala'o'i, ga kuɗin rufe ciniki da yakan kai kashi 2 zuwa 5 na farashin, ga kuma gyara, domin ranar da tukunyar ɗumama gida ta mutu a tsakiyar hunturu babu maigidan hayar da za ka buga wa waya.

Sharuɗɗan ba su da wuyar ganewa. Ana duba makin biyan bashinka, wanda mutanenmu a can suke ce wa kiredit, kuma yana farawa daga 300 zuwa 850. Mai maki 580 zuwa sama shi ne yake samun rangwamen kashi 3.5, mai maki tsakanin 500 da 579 kuwa sai ya kawo kashi 10, kuma bankuna da yawa sukan ɗora nasu sharaɗin sama da na hukuma. Dole gidan ya zama inda za ka zauna da kanka, ka tare cikin kwana 60. Takardarka ta dindindin ta wadatar, kuma wannan abin godiya ne, domin tun watan Mayu na 2025 FHA ta daina tsaya wa baƙin da suke zaune da izinin wucin gadi. Inda direbobi suka fi tuntuɓe shi ne takardun haraji. Mai sana'ar kansa ana neman takardunsa na shekara biyu, kuma banki ba ya duba abin da ka samu a hanya, abin da ka shaida wa hukumar haraji shi yake dubawa. Wanda ya shekara yana rage wa kansa samu a takarda don harajinsa ya yi sauƙi, ranar neman bashin gida sai takardar ta ba da shaida a kansa.

Akwai wata ƙofa da nake ganin ta fi dacewa da irin zamanmu. FHA tana tsaya wa gini mai sassa biyu, uku ko huɗu da wannan ƙaramin kafin alƙalami, muddin kana zaune a ɗaya daga cikin sassan, kuma banki yana iya lissafa wani kaso na hayar sauran a cikin samunka. Idan kuma makinka yana da kyau, ka tambayi tsarin HomeReady na Fannie Mae ko Home Possible na Freddie Mac, wato manyan kamfanoni biyu masu goyon bayan gwamnati da suke sayen basussukan gida daga bankuna. Waɗannan tsare-tsare suna karɓar kashi 3 daga wanda samunsa bai wuce kashi 80 na matsakaicin samun yankinsa ba. Fifikonsu shi ne inshorarsu tana faɗuwa da zarar ka mallaki kimanin kashi 20 na darajar gidan. Farawa kuwa, ka fara da ofishin ba da shawara kan gidaje wanda ma'aikatar gidaje ta amince da shi kafin ka je wurin dillali, domin dillali la'adarsa tana cikin cinikin. Daga nan ka nemi takardar ƙiyasin bashi daga bankuna uku, wadda doka ta wajabta a ba ka cikin kwana uku na aiki, ka shimfiɗa su gefe da gefe ka kwatanta.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a jami'a a Zariya. Na karanta cewa gwamnatin Amurka tana tallafa wa sayen gidaje tun kafin yaƙin duniya na biyu. To, me ya sa har yanzu baƙaƙen fata suke baya a mallakar gida?

Amsa: Malama, tambayarki ta taɓo gindin maganar. Kafin shekarun 1930, wanda zai sayi gida a Amurka yakan kawo kusan rabin kuɗin a hannu, a ba shi bashin shekara biyar zuwa goma, a ƙarshe kuma a nemi ragowar a dunƙule. Da tattalin arziki ya karye daga 1929, mutane suka rasa aiki, bankuna suka ƙi sabunta basussuka, aka yi ta ƙwace gidaje. Gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt ta kafa hukumar HOLC a 1933 don ceto masu gidaje, ta kafa FHA a 1934, sannan Fannie Mae a 1938, wadda aikinta shi ne sayen basussukan daga hannun bankuna domin kuɗi su koma musu su sake ba wasu. Freddie Mac ta biyo baya a 1970. Wannan tsari ne ya haifar da bashi mai dogon wa'adi da kuɗin ruwan da ba ya canzawa, abin da ƙasashe kaɗan ne a duniya suke da irinsa. Kuma ya yi aiki, domin masu zaune a gidan kansu sun tashi daga kimanin kashi 44 a 1940 zuwa kimanin kashi 62 a 1960.

Sai dai ba kowa aka buɗe wa ƙofar ba. HOLC ta zana taswirorin birane sama da 200, ta raba unguwanni launi huɗu, kore da shuɗi da rawaya da ja, kuma kusan duk inda baƙaƙen fata suke zaune ja aka shafa masa, alamar haɗari. Daga nan aka samo kalmar Turancin nan redlining, wadda za mu fassara da shata jan layi. Masana tarihi suna jayayya a kan ko waɗannan taswirori ne da kansu suka yi ɓarnar, amma babu jayayya a kan abin da FHA ta rubuta a littafin ƙa'idojinta, inda ta ɗauki cakuɗuwar jinsi a unguwa a matsayin abin da yake karya darajar gida, ta kuma ƙarfafa a riƙa sa sharaɗi a takardar mallaka cewa ba za a sayar wa baƙar fata ba. A birnin Detroit, kusa da titin Eight Mile, akwai wata katangar siminti mai tsayin ƙafa shida da tsawon kusan rabin mil, wadda wani mai gina gidaje ya yi a 1941. Yana son FHA ta tsaya wa sabuwar unguwar fararen fata da zai gina, ga shi kuma filin yana maƙwabtaka da unguwar baƙaƙe, sai ya tsaga katanga a tsakani, aka kuwa amince masa. Katangar tana nan tsaye har yau, an yi mata zane-zane. A Levittown da ke jihar New York, inda aka fara gina dubban gidaje masu araha daga 1947 da goyon bayan gwamnati, haka aka rufe wa baƙaƙe ƙofa, har da sojojin da suka dawo daga yaƙin da aka yi tare da su. Dokar 1944 ta ba tsofaffin sojoji damar sayen gida ba tare da kafin alƙalami ba, amma bankin gari ne yake ba da kuɗin, kuma bankin gari ya san wanda ba zai ba ba.

Waɗanda aka hana bashin banki sai suka faɗa hannun 'yan kashe-mu-raba. A Chicago an yi ta sayar wa baƙaƙe gidaje da wata irin yarjejeniya inda mai saye yake biya wata-wata amma takardar gida tana hannun mai sayarwa har sai an kammala, ta yadda fashin wata guda ya isa a kore shi, duk abin da ya zuba ya bi ruwa, a sake sayar wa wani. Kotun ƙoli ta hana kotuna tilasta sharaɗin jinsi a takardun gidaje a 1948, amma dokar da ta haramta wariya a sayar da gida da ba da haya ba ta zo ba sai ranar 11 ga Afrilu, 1968, mako guda bayan kisan Martin Luther King. Dokar daidaito a ba da bashi ta biyo a 1974, sai kuma ta 1977 da ta wajabta wa bankuna hidimta wa unguwannin da suke karɓar ajiyarsu.

Abin da nake so ki lura da shi shi ne shekaru talatin da huɗun da suke tsakanin 1934 da 1968, domin a cikinsu ne gidaje suka fi araha, kuma a cikinsu ne aka yi rabon. Wanda ya sayi gida a lokacin, gidan ya yi daraja, ya jinginar da shi ya kai ɗansa jami'a, ya mutu ya bar gado, jikansa kuma da wannan gado ya biya kafin alƙalamin nasa gidan. Wanda aka hana ba abin da ya bari sai rasiɗan haya. Binciken babban bankin Amurka na 2022 ya nuna matsakaicin dukiyar iyalin fararen fata kimanin dala 285,000 ne, na baƙaƙe kuwa kimanin dala 45,000. A yau kusan kashi 74 na fararen fata suna zaune a gidan kansu, baƙaƙe kuwa kusan kashi 45, giɓin da bai ragu ba a kan na 1960, lokacin da wariyar ba ta ma saɓa wa dokar tarayya ba. Abin mamakin shi ne FHA ɗin da ta nuna wariyar ita ce a yau ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka suke bi su sayi gida, kuma fiye da kashi 80 na bashin sayen gidan da take tsaya wa na masu saye ne a karon farko.

Tambaya: Malam, ni mai kitso ce a Columbus. Ban taɓa cin bashi ba, ba ni da katin bashi, kuɗina kuma da adashi na tara su, wasu suna ajiye a gida. An ce mini banki ba zai karɓe su ba. Haka ne?

Amsa: Hajiya, sannu da ƙoƙari. A gida, wanda bai taɓa cin bashi ba shi ne mutumin kirki, amma a Amurka irinsa ba a san shi ba ne kwata-kwata, domin makin nan daga tarihin cin bashi da biya ake haɗa shi. Duk da haka ba a rufe miki hanya ba. FHA ta yarda a gina miki tarihi daga shaidar biyan haya da wuta da waya da inshora na tsawon shekara guda, kuma tun 2021 Fannie Mae ta fara duba biyan haya a kan kari daga bayanan asusun banki. Saboda haka idan kina miƙa wa maigidan haya kuɗi hannu da hannu, ki daina daga wannan wata, ki koma biya ta banki yadda zai bar sawu.

Maganar adashi kuwa za ta ba ki mamaki, domin littafin ƙa'idojin FHA ya san da shi, ya kira shi ƙungiyar ajiya ta tsakanin mutane, ya kuma yarda a biya kafin alƙalami da kwasar da aka yi daga cikinsa. Abin da ake nema shi ne shaida: tun yaushe aka kafa adashin, nawa kike zubi, yaushe kika yi kwasa, kuma ko zubin ya yi daidai da samunki. To, ki roƙi uwar adashi ta riƙa rubutawa a littafi da kwanan wata. Ki sani kuma zubin da ya rage a kanki bayan kwasa za a lissafa shi a cikin nauyin da kike ɗauke da shi duk wata. Kuɗin da suke gida su ma ana karɓa idan aka zuba su a banki aka yi bayanin yadda aka tara su, amma banki yakan duba bayanan asusu na watanni biyun ƙarshe, kuma babban kuɗin da ya faɗo dare ɗaya yakan jawo tambayoyi masu yawa, don haka gara ki kai su tun da wuri. Idan ɗan'uwa zai taimaka miki, dole ya rubuta takardar cewa kyauta ce. Kada ki yarda a rubuta kyauta alhali rance ne, domin ƙarya a takardar neman bashin gida laifi ne a dokar tarayya.

Tambaya: Malam, ni mazaunin jihar Michigan ne. Duk wannan tsari a kan kuɗin ruwa aka gina shi. Musulmin da yake gudun riba sai ya mutu a gidan haya ke nan?

Amsa: Alhaji, wannan shafi ba ya ba da fatawa, hukuncin yana wurin malamai, amma zan faɗa maka abin da yake ƙasa. Hukumar da take sa ido a kan bankunan tarayya ta amince da tsarin ijara, wato haya mai ƙarewa da mallaka, a 1997, ta amince da murabaha a 1999. A 2001 Freddie Mac ta fara zuba kuɗi a yarjejeniyoyin kamfanin Lariba da ke California, daga baya ta yi haka da Guidance Residential, wanda ya fara aiki a 2002. A jiharka ma akwai University Bank na garin Ann Arbor da yake da reshen hada-hadar Musulunci, a Chicago kuma akwai Devon Bank. Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne musharaka mai raguwa, inda kai da kamfani kuke sayen gidan tare, kana biyansa ladan amfani da kasonsa, kana kuma sayen kason kaɗan-kaɗan har ya ƙare. A murabaha kuwa kamfani ne yake sayen gidan ya sayar maka da riba sananniya, ka biya a hankali.

Kada ka sa ran araha, domin abin da za ka biya duk wata yakan yi kusa da na bashin banki, tunda a kasuwa ɗaya suke samo kuɗin. Wannan kusanci ne ya sa wasu malamai suke ganin suna kawai aka sauya, wasu kuma suke cewa hukunci yana bin siffar yarjejeniya ne, kuma dacewar farashi ba ta haramta ciniki. Shawarata ita ce ka karɓi takardar yarjejeniyar kanta ka kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki, ku duba abu uku: wa yake ɗaukar asara idan gidan ya faɗi daraja ko ya ƙone, ina tarar jinkiri take zuwa, kuma idan aka sayar da gidan kuɗin bai kai ba, za a bi ka ragowar ko ba za a bi ka ba.

Tambaya: Malam, na ji wani yana cewa ba talakawa da baƙaƙe bashin gida ne ya rusa tattalin arzikin duniya a 2008. Ina gaskiyar wannan magana?

Amsa: Malam, maganar ta daɗe tana yawo, kuma tana da masu kare ta har a cikin kwamitin da majalisa ta kafa don binciken rikicin, inda mamba ɗaya, Peter Wallison, ya ɗora laifin a kan manufofin gwamnati na faɗaɗa mallakar gida. Amma rahoton mafi rinjaye, wanda ya fito a Janairun 2011, ya ce Fannie Mae da Freddie Mac sun ba da gudummawa ga ɓarnar ba tare da sun zama tushenta ba, ya kuma ce dokar nan ta 1977 da ta wajabta wa bankuna hidimta wa unguwanninsu ba ta taka wata rawar a zo a gani ba, domin kashi 6 kacal na basussuka masu tsada ne suka fito daga bankunan da dokar ta shafa a yankunan da ake auna su. Mafi munin basussukan kamfanoni masu zaman kansu ne suka ba da su, da ruwa mai sauƙi a shekara biyun farko wanda yake tashi daga baya, sau da yawa ba tare da an ko duba samun mai karɓa ba, domin mai bayarwa ya san zai sayar da bashin gaba kafin ya ruɓe.

Ba na wanke Fannie da Freddie, domin sun shiga kasuwar da jari ƙalilan, ribarsu ta masu hannun jari, asararsu ta jama'a, har gwamnati ta karɓe ragamarsu a Satumbar 2008, baitulmali ya zuba musu kusan dala biliyan 190. FHA ita ma ta karɓi dala biliyan 1.7 a 2013, karo na farko a tarihinta. Sai dai a ganina ɗora laifin a kan talaka juya magana ce. Unguwannin da aka hana bashi mai kyau a da su ne aka bi gida-gida da bashi mai guba. Kamfanin ba da bashin gida na Countrywide ya amince da biyan dala miliyan 335 a 2011, bankin Wells Fargo kuma dala miliyan 175 a 2012, don sasanta zargin ma'aikatar shari'a cewa an caji baƙaƙe da 'yan Latin fiye da fararen da suke daidai da su a cancanta. Mallakar gida a tsakanin baƙaƙe, wadda ta kusa kashi 50 a 2004, ta gangaro zuwa kusan kashi 41 a 2019.

Tambaya: Malam, ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a Kaduna. Duk wata ana cire mini kuɗin asusun gidaje daga albashi. Shin namu tsarin irin na Amurka ne?

Amsa: Ranka ya daɗe, sun yi kama a niyya, sun bambanta a gini. Asusun gidaje na ƙasa an kafa shi da dokar 1992, ana cire kashi 2.5 na albashi, bankin ba da lamunin gidaje na tarayya, wato FMBN, shi yake riƙe da kuɗin, yana ba masu zubi bashi da ruwa kashi 6 har tsawon shekara 30 ta hannun bankunan jinginar gidaje, bayan mutum ya yi zubin aƙalla wata shida. Wato namu ya fi kusa da babban adashi, abin da aka tara shi ake rabawa, shi ya sa ba ya isar kowa. Na Amurka kuwa gwamnati lamuni take tsayawa, kuɗin kuma daga masu zuba jari na duniya yake fitowa. An kafa kamfanin NMRC a 2013 don ya yi wa bankunanmu irin aikin da Fannie Mae take yi, amma inda hauhawar farashi take da ƙarfi, ruwan bankunan kasuwa kuma ya haura kashi 20, da wuya mai kuɗi ya yarda ya ɗaure dukiyarsa shekara talatin.

Babban abin da yake kayar da masu nema a nan shi ne takarda. Dokar filaye ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamna, jinginar da fili kuma sai da amincewarsa, alhali gidaje da yawa a garuruwanmu ba su da takardar shaidar mallaka, sai takardar ciniki da sa hannun mai unguwa, wadda banki ba ya karɓa. Wanda bai ci bashin ba yana da haƙƙin a mayar masa da zubinsa da ɗan ƙari idan ya yi ritaya. Kafin ka nemi ko ɗaya daga cikin biyun, ka je ofishin FMBN da lambar rajistarka, ka nemi a buga maka bayanin zubinka tun daga watan farko, ka kwatanta shi da takardun albashinka, domin cirewa daga albashi daban, isar kuɗin cikin asusu da sunanka kuma daban.